Laburaren Malta da Takardun Barade

Duk wanda Allah Ya nufa da zuwa Valletta, babban birnin tsibirin Malta da ke tsakiyar Bahar Rum, zai tarar da wani dandali cike da masu shan gahawa, ga gunkin Sarauniya Victoria a zaune. Ginin da ke bayan gunkin shi ne laburaren ƙasar. An gama shi a 1796, amma yaƙi ya hana a buɗe shi sai 1812, bayan tsibirin ya shiga hannun Ingila.

Asalinsa wata doka ce ta 1555. Masu mulkin tsibirin a lokacin, wato Baraden Waliyyi Yohanna, mayaƙan Kirista ne da ba sa aure, sai shugabansu ya hukunta cewa duk baraden da ya mutu, littattafansa su zama na ƙungiya. Da gadon matattu aka tara laburaren, ba a raba ba balle ya watse.

Abin da ya fi jan baƙo shi ne takardun baraden, waɗanda aka mayar can a 1937. Akwai wasiƙar Paparoma ta 1113 da ta tabbatar da ƙungiyar tun tana Birnin Ƙudus. Ta yi gudun hijira tare da masu ita, ta zauna Rodes har Turkawa suka kore su a 1522. Akwai kuma takardar da Sarki Charles na Biyar ya ba su Malta da ita a 1530, a kan harajin shaho ɗaya tak kowace shekara. Cikin kyautar har da Tarabulus, garin da ayarin Sahara ke sauke kaya, sai dai Turkawa sun ƙwace shi a 1551.

To, amma mai karatu ya lura da bakin da ke magana a takardun nan. Baraden sun yi ta fashin jiragen Musulmi, suna kama mutane su sa su tuƙin jirgin yaƙi, har Valletta ta zama kasuwar bayi. Akawunan ƙungiya sun rubuta kuɗin fansarsu da na abincinsu, da hukuncin da aka yanke wa waɗanda suka shirya tawaye a 1749. Na bawa kuwa sai mai bincike ya tsinto shi daga lissafin ubangidansa. Da Napoliyon ya kori baraden a 1798, bayin da ya kwance sun kai wajen 2,000.