Malamin Lissafi Ya Cancanci Dandali: Darasi Daga Rayuwar Malba Tahan

A tsakaninmu malamai akwai wani kallo da muke yi wa abokin aikin da ya rubuta littafi, ya ɗauke shi yana kai wa makarantu, ko ya shiga gidan rediyo yana bayani kan darasinsa. Wasu su ce neman suna yake yi, wasu su ce kasuwanci ya shiga da rigar malanta. Idan kuwa malamin lissafi ne, sai a ƙara da cewa me zai faɗa wa jama'a, tun da lissafi abin allo ne da alli. Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne wannan kallo kuskure ne, kuma reshenmu na da hakkin gyara shi. Hujjarmu za mu ɗauko ta daga rayuwar wani malami ɗan ƙasar Birazil, wanda ya shafe kusan shekara hamsin yana rubutu, yana tallata littattafansa, yana yawon lacca, kuma duk da haka bai saki alli ba.

Sunansa na yanka Julio Cesar de Mello e Souza. An haife shi a birnin Riyo da Janairo ranar 6 ga Mayu, 1895, ya yi ƙuruciyarsa a wani ƙaramin gari mai suna Queluz a jihar Sawo Faulo. Ya samu horon malanta, ya kuma karanci injiniyanci, amma koyarwa ya riƙa a matsayin sana'a. Ya koyar a makarantu da dama, ciki har da Kwalejin Pedro na Biyu, ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun sakandare na ƙasar. Tun yana saurayi ya lura editocin jaridu sun fi girmama rubutun da aka ce daga waje ya zo. Saboda haka ya ƙirƙiro wani marubuci Balarabe, ya sa masa suna Malba Tahan, ya tsara masa tarihin rayuwa, har da wani mai fassara na ƙage da aka ce shi yake mayar da rubutun zuwa harshen Fotugis. A 1925 littafin labarai na farko ya fito da wannan suna. Sunan ya bi shi har ya danne na yanka, kuma daga baya gwamnati ta yarda a rubuta shi a katin shaidarsa.

A 1938 ya fitar da littafin da ya fi shahara da shi, O Homem que Calculava, ma'ana mutumin da yake lissafi. Labari ne na wani matafiyi Bafarise mai suna Beremiz Samir, wanda yake warware wa mutane rigingimu da lissafi a kan hanyar Bagadaza da kuma cikin birnin. An sake buga littafin sau da yawa a Birazil, an fassara shi zuwa harsuna daban-daban, fassarar Turanci ta fito a 1993. Jimlar littattafan da ya rubuta sun haura ɗari, wasu na labarai, wasu na lissafi da dabarun koyar da shi. Ya fitar da mujallar nishaɗin lissafi mai suna Al-Karismi, don tunawa da Alkawarizmi. Ya zaga jihohin ƙasarsa yana ba malamai kwasa-kwasai, yana gabatar da laccoci ga jama'a. A wannan hanya ajalinsa ya same shi: ranar 18 ga Yuni, 1974, ya rasu a birnin Recife, inda ya je domin ba malamai horo, yana da shekara 79. A 2013 ƙasar ta kafa doka da ta mai da ranar haihuwarsa, 6 ga Mayu, Ranar Lissafi ta Ƙasa.

Domin a gane irin aikinsa, bari mu duba matsala guda da ta fi kowace shahara a littafin. 'Yan'uwa uku sun gaji raƙuma 35. Mahaifinsu ya yi wasiyya babba ya ɗauki rabi, na tsakiya sulusi, ƙarami tusu'i, wato kashi ɗaya cikin tara. Rabin 35 shi ne 17 da rabi, sulusinsa 11 da kashi biyu cikin uku, tusu'insa kuwa 3 da kashi takwas cikin tara. Ba mai son a yanka raƙumi, sai gardama ta kaure. Mai lissafin ya ari raƙumin abokin tafiyarsa ya ƙara, suka zama 36. Babba ya samu 18, na tsakiya 12, ƙarami 4. Kowa ya samu fiye da abin da yake tsammani, jimla kuwa 34 ce kawai. Raƙuma biyu suka rage: ɗaya ya koma ga mai shi, ɗaya ya zama ladan mai rabo.

Yaro ya ji wannan sai ya ce siddabaru ne. A nan aikin malami yake farawa. Idan aka tara rabi da sulusi da tusu'i, abin da za a samu shi ne 17 cikin 18. Ashe tun farko wasiyyar ba ta cinye dukiyar duka ba, akwai kashi ɗaya cikin 18 da ba shi da mai shi. Kashi ɗaya cikin 18 na raƙuma 35 ya kusa cika raƙuma biyu. Daga cikinsa aka cike wa kowane ɗa ɓarin da ya rage masa, sauran ya tashi raƙumi guda cif. Ɗalibin da ya bi wannan bayani har ƙarshe ya koyi tara ɓangarori masu mabambantan ƙasa, ya kuma san amfanin yin hakan. Wannan darasi ne da muke fama da shi kowace shekara a manyan azuzuwan firamare da ƙaramar sakandare.

Malba Tahan bai tsaya ga ba da labari ba. A littafinsa na dabarun koyar da lissafi ya yi kakkausar suka ga malaman da ke cika allo da dogayen matsaloli masu sarƙaƙiya marasa alaƙa da rayuwa, don kawai su nuna gwaninta ko su tsorata ɗalibi. Ya yi kira a riƙa amfani da wasanni da tarihin lissafi da kayan da yaro zai taɓa da hannunsa, a kuma tanadi ɗakin gwaje-gwaje na lissafi a makaranta. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji a wannan yanki namu ya san cutar da yake magana a kai ba ta Birazil kaɗai ba ce.

To, me ya sa muke cewa fita dandali wani ɓangare ne na koyarwa? Dalili na farko, tsoron lissafi ba a aji ake haifarsa ba. Daga gida yaro yake zuwa da shi. Ya ji yayansa yana cewa lissafi sai masu kai, ya ji mahaifiyarsa tana cewa ita ma ya gagare ta, yarinya kuma ta ji ana cewa ba fannin mata ba ne. Malami yana da minti arba'in a aji, gida da unguwa suna da sauran yinin. Idan malami bai yi magana da iyaye ba, ta rediyo ko ta littafi ko a taron iyaye da malamai, to yana ɗiban ruwa ne da kwando.

Dalili na biyu, littafin da ba a tallata ba kamar fitila ce a cikin tukunya. A ƙasar Hausa mun ga yadda marubutan labarai na Kano, tun daga shekarun 1980, suka riƙa buga littattafansu da kuɗinsu, suna kai su kasuwa da gidajen rediyo, har suka samar da dubban masu karatu, musamman mata. Ba wanda ya ce sun yi abin kunya. Me zai sa malamin da ya rubuta littafin lissafi cikin Hausa mai daɗi ya ji nauyin yin haka?

Dalili na uku, malamin da ya saba yi wa jama'a bayani yakan dawo aji da harshe mafi sauƙi. Ɗalibi yana jin tsoron cewa bai gane ba. Ɗan kasuwa da ya kira waya a shirin rediyo ba ya jin wannan tsoro, kai tsaye zai ce Malam sake bayani. Wannan horo ne da babu kwalejin ilimi da ke ba da shi.

Akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma maganarsu tana da nauyi. Na farko suna cewa malamin da ke yawon lacca zai bar ajinsa babu kowa. Gaskiya ne hakan na iya faruwa, kuma ba za mu kare shi ba. Hakkin ɗalibi yana gaba da komai. Amma maganin wannan tsari ne: a yi irin waɗannan ayyuka a ƙarshen mako da lokacin hutu, ko da izinin shugaban makaranta tare da tanadin wanda zai riƙe ajin.

Na biyu suna tsoron a buɗe ƙofar tilasta wa ɗalibai sayen littafin malami. Wannan tsoro yana da tushe, domin kowa ya san yadda ɗabi'ar sayar da takardun darasi dole ta zubar da mutuncin malanta a wurare da yawa. Matsayinmu a fili yake: malamin da ya ɗaura makin ɗalibi a kan sayen littafinsa ya ci amana, kuma ƙungiya ba za ta tsaya masa ba. Talla ta halal ita ce ka baje hajarka a inda mai saye yake da ikon wucewa bai saya ba. Ɗalibin ajinka ba shi da wannan iko.

Na uku suna cewa labari da nishaɗi ba sa cin jarrabawa. Mun yarda cewa babu labarin da zai maye gurbin atisaye. Wanda bai zauna ya yi ta warware matsaloli ba, ba zai iya lissafi ba, ko da ya haddace labaran duniya. Aikin labari shi ne ya zaunar da yaro a kan tabarma da son ransa. Malami na gari yakan kawo labarin raƙuman, sannan ya ba da matsaloli ashirin na tara ɓangarori a je a yi a gida.

Akwai kuma abin da ba za mu kwaikwaya daga wannan bawan Allah ba, wato aron fuska. Shi ya ɓuya a bayan sunan Balarabe saboda jama'arsa sun fi daraja baƙo, kuma Bagadazar da ya siffanta daga littattafai ya san ta. Mu ba mu da bukatar aro. Littafin Alkawarizmi na aljabara, wanda aka rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, babban sashe nasa kan wasiyya da rabon gado yake, ilimin da har gobe ake karantawa a zaurukanmu. Kalmomin rubu'i da sudusi da sumuni sun daɗe a bakin Bahaushe. Malaman gado sun san abin da ake kira auli: idan mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai, miji yana da rabi, su kuma suna da sulusi biyu, jimla ta zama 7 cikin 6, ta haura dukiyar. Sai a raba dukiyar gida bakwai, miji ya ɗauki uku, su su ɗauki huɗu. Wannan kishiyar matsalar raƙuman ce, kuma tana nan a unguwarmu. Haka nan Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkatsinawi ya rubuta littafi wajen 1732 kan yadda ake tsara lambobi a gidajen murabba'i ta yadda jimlar kowane layi za ta zo daidai, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. A ɓangaren iya ba da labari kuwa, a daidai shekarun da Malba Tahan ya fitar da littafinsa ne Alhaji Abubakar Imam ya fitar da Magana Jari Ce a Zariya. Muna da lissafin, muna da harshen. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai haɗa su a littafi guda, ya kuma ɗauke shi ya kai wa jama'a.

Saboda haka muna gabatar wa shugabannin reshe da dukan mambobi waɗannan shawarwari. Reshe ya shigar da buƙatar cewa littafin da malami ya rubuta aka tantance, da laccar da ya gabatar ga jama'a, su shiga cikin abubuwan da ake dubawa wajen ƙarin girma. A kafa ƙaramin kwamiti na malaman lissafi da malaman Hausa da zai duba duk wani rubutu kafin a kai shi maɗaba'a, domin kuskuren da aka buga ya fi wanda aka rubuta a allo wuyar gogewa, kuma domin a daidaita kalmomin da ake amfani da su. Asusun gama kai na reshe ya duba yiwuwar ba da rancen buga littafin da ya tsallake wannan tantancewa. A nemi fili a gidan rediyo mafi kusa, ko da na rabin awa ne a mako, malamai maza da mata su riƙa karɓa-karɓa. A rubuta ƙa'ida a fili da ta haramta wa malami sayar wa ɗaliban ajinsa littafinsa dole. Sannan a ɗauki ranar 14 ga Maris, wadda hukumar UNESCO ta ayyana a 2019 a matsayin Ranar Lissafi ta Duniya, a mai da ita ranar da makarantunmu za su gayyaci iyaye su zo su ga abin da 'ya'yansu ke iya yi.

Mun san halin da ake ciki. Ajujuwa sun cika maƙil, albashi ba ya kai wata, kuma malami yakan koma gida a gajiye da tulin littattafan da zai duba. Ba muna cewa kowa ya zama marubuci ba. Muna cewa wanda Allah ya ba wannan baiwa a cikinmu, kada mu zama mu ne masu karya masa gwiwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: wani ya rubuta, wani ya duba, wani ya karanta a rediyo, wani ya kai ɗakin karatu na makarantarsa. Ƙungiyar da ke fafutukar hakkin malami ya kamata ta fafutuki martabarsa, kuma martabar malami tana ƙaruwa ne idan jama'a suka ji muryarsa suka amfana.

Muna roƙon kowace makaranta ta tattauna waɗannan shawarwari, wakilinta ya zo da matsayarta taron reshe mai zuwa. Allah ya yi mana jagora, ya sa albarka a cikin aikinmu.