Katangar Tsaron Intanet: Wa Ke Da Alhakin Yi Mata Faci?

A watan Satumban 2021 kamfanin Fortinet na Amurka ya tabbatar da cewa masu kutse sun baza kalmomin sirri na shiga na'urorinsa na FortiGate kusan 87,000. Abin takaicin shi ne, tun watan Mayun 2019 kamfanin ya fitar da gyaran da ke toshe kafar da aka bi aka kwashe bayanan. Masu na'urorin ne suka yi jinkirin ɗora shi.

FortiGate na cikin na'urorin da ake kira katangar tsaro, waɗanda ake girkawa tsakanin kwamfutocin ma'aikata da intanet domin tace mai shiga da mai fita. Manhaja ce ke tafiyar da ita, kuma manhaja ba ta rasa kuskure. Da zarar kamfani ya sanar da faci, ya kuma tona wa ɓarayi inda ɓarakar take, sai su bazama neman waɗanda ba su gyara ba. Wani lokaci ma su ke riga kamfanin ganowa, kamar yadda ya faru da Palo Alto Networks a Afrilun 2024.

Ɗan kasuwar Jega zai iya ɗauka wannan labarin ƙasashen waje ne. To amma kuɗin albasar da ake lodi daga Aliero zuwa kudu galibi ta taransifa suke dawowa, albashin ma'aikacin ƙaramar hukumar Maiyama ta banki yake shiga, ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero kuma ta intanet suke rajista. Duk waɗannan bayanai a bayan irin wannan katanga suke kwana, kuma manhajojin da ɓarayi ke laluben kafa da su ba ruwansu da girman gari ko ƙanƙantarsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake sayen kayan. An saba ware kuɗin kwangilar girka na'ura, a yi bikin buɗewa, ɗan kwangila ya karɓi haƙƙinsa ya kama gabansa. Kuɗin sabunta lasisi na shekara-shekara kuwa, wanda sau da yawa sai da shi ake samun gyare-gyare, shi ne farkon abin da ake zaftarewa. Ga shi kuma ɗora faci kan buƙaci a tsayar da aiki na ɗan lokaci, babu jami'in da ke son a ce shi ya katse hidima ranar biyan albashi, sai a yi ta ɗagewa.

Facin kansa bai wadatar ba. Fortinet ya gargaɗi waɗanda suka ɗora gyaran amma ba su sauya kalmomin sirri ba cewa har yanzu suna cikin haɗari, domin mabuɗin ya riga ya fita.

Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan jama'a ya sanar da hukumar NDPC cikin sa'o'i 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Shugaban ma'aikatar da bai san sunan jami'in da ke kula da katangarsa ba, ko ranar da aka yi mata facin ƙarshe, da wuya ya san an shigo masa, balle ya cika wannan wa'adi.