Ra'ayinmu: Laifin Ɗan Aike Ko Na Mai Aike?

Tsarin MCP da kamfanin Anthropic ya fitar a 2024 ya sauƙaƙa wa na'urori masu basira aika wasiƙu da gyara takardu a madadinmu. Amma fa na'urar ba ta ganin cikin kayan aikin da take ɗauka. Sunansa da bayanin da aka rubuta a kansa take karantawa. In bayanin bai fayyace amfaninsa, da abin da ake ba shi, da inda bai dace ba, tana iya share takardar da aka ce ta gyara.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa ɗaliban kwamfuta: kowane bayani kuka rubuta, ku ba baƙo ya karanta. In ya ruɗe, na'ura ma za ta ruɗe, kuma laifin naku ne.