Girgiza da Lafiyar Gadoji da Madatsun Ruwa a Ƙasar Rano

Tun daga shekarar 1974 da aka gama Madatsar Ruwa ta Tiga, wadda aka soma a 1971 zamanin Gwamna Audu Bako, ƙasar Rano ta shiga cikin yankunan da ke ɗauke da manyan ayyukan injiniya a Arewa. Madatsar ta ƙasa ce, tsawonta ya kai kimanin kilomita 6, kuma ita ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura. Bayan ita akwai ƙananan gadoji da kwalbatoci waɗanda mutanen Rano da Kibiya da Fassi ke bi su kai amfanin gona kasuwa. Idan ana maganar ƙarfin waɗannan gine-gine, yawancin jama'a nauyin da za su iya ɗauka kawai suke tambaya. Injiniyoyi kuwa sukan ƙara da wata tambaya, watau ta yaya nauyin yake zuwa.

Nauyi iri biyu ne. Akwai mai zama wuri ɗaya, kamar nauyin ita gadar kanta, ko ruwan da ke kwance bayan madatsa. Akwai kuma mai motsi, kamar babbar mota a guje, ko iska, ko inji mai juyawa, ko girgizar ƙasa. Lissafi ya nuna cewa kayan da aka saki kan katako farat ɗaya suna lanƙwasa shi ninki biyu na abin da za su yi in an aza su sannu a hankali. Saboda haka tirelar da ta faɗa rami a bakin gada, dukan da take yi wa gadar ya fi nauyin da aka rubuta a takardarta.

Abu na biyu shi ne kowane gini yana da nasa saurin kaɗawa, wanda nauyinsa da taurinsa suka ƙayyade. Mai goge ya san wannan: in ya ɗaure tsirkiya tam, sai muryar ta yi sama. Bene mai hawa goma yakan ɗauki wajen daƙiƙa ɗaya kafin ya karkata ya komo, ƙaramin gida kuwa ya fi haka sauri nesa. Hatsarin yana zuwa ne sa'ad da abin da ke tura ginin ya dace da wannan sauri nasa. Kamar yaro ne a kan lilo, ɗan turi kaɗan in ana yinsa a kan kari sai ya kai shi sama. A 1831 wata gada a Broughton ta Ingila ta rufta yayin da soja ke maci a kanta ƙafa ɗaya, dalili ke nan da ake umartar soja su karya maci in za su haye gada. Ko a shekarar 2000 sai da aka rufe sabuwar gadar ƙafa ta Millennium a Landan bayan kwana biyu da buɗe ta, domin takun jama'a ya sa tana lilo. Ba a sake buɗe ta ba sai 2002, bayan an ɗaura mata na'urori masu shanye girgiza.

To, amma a ƙasar Rano ba irin wannan rugujewa ta lokaci ɗaya ce abin tsoro ba, domin gajerun gadojin kankare ba su cika lilo ba. Abin da ya fi kusa shi ne gajiya. Wayar da aka yi ta lanƙwasawa gaba da baya takan karye, ko da yake lanƙwasa ɗaya ba ta yi mata kome. Haka rodi da kankare suke. Gwajin hanyoyi da aka yi a Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa in aka ninka nauyin da ke kan gatarin mota sau biyu, ɓarnar da yake yi wa hanya tana ninkuwa wajen sau 16. Watau direban da ya yi lodi fiye da kima don ya rage sawu, ribar tasa daga baitulmalin jama'a take fitowa. In kuma ambaliya ko masu haƙar yashi suka rarake gindin ginshiƙi, taurin gadar ya ragu, sai kowace mota ta riƙa jijjiga ta fiye da dā.

Batun madatsa ya fi nauyi. Ɓallewar Madatsar Bagauda a watan Agusta 1988 ruwan sama mai yawa ne ya jawo ta, ba girgiza ba, amma ita ta sa aka sake duban Tiga, har aka rage tsayin mafitar ruwanta a 1992 don a sauƙaƙa mata. Wannan mataki ne na rage nauyi mai zama. Nauyi mai motsi fa? An daɗe ana ɗauka cewa Nijeriya ba ƙasar girgiza ba ce, sai ga shi ƙasa ta motsa a Kwoi ta Jihar Kaduna a watan Satumba 2016, ta kuma motsa a Mpape ta Abuja a Satumba 2018, har hukuma ta dakatar da fasa duwatsu a wurin. Waɗannan ƙananan motsi ne, bai kamata a firgita jama'a da su ba. Sai dai yashin da ya sha ruwa, in aka jijjiga shi da ƙarfi, yana iya sakin jiki ya koma kamar kunu. Abin da ya sami Madatsar San Fernando a Kalifoniya ke nan a 1971, inda gefenta ya zame, aka kwashe dubban mutane daga ƙasanta.

Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda Tiga ke hannunta, ita ya wajaba ta riƙa karanta na'urorin auna matsin ruwa cikin jikin madatsar a kai a kai, ta kuma hana tayar da nakiya kusa da ita. Ma'aikatar Ayyuka kuma aikinta bai fi ƙarfinta ba: cike ramukan bakin gada, duba mahaɗai da ginshiƙai bayan kowace damina, da kafa sikelin auna manyan motoci. Kuɗin waɗannan duka bai kai na sake gina gada ɗaya ba, balle asarar manomin Fassi da hatsinsa zai maƙale a ƙetaren rafi.