Nadamar Ɗan Sara-Suka

Duk wanda ya san unguwar Dutse Uku ta Jos tun kafin fitinar 17 ga Janairun 2010, wadda ta samo asali daga sake gina wani gida da aka lalata a rikicin Nuwamban 2008, ya san cewa daga cikin yaran da suka buɗe ido a wannan hayaƙi ne aka sami waɗanda a yau ake kira 'yan sara-suka, masu soke wuƙa a ƙugu, waɗanda laƙabin da abokai suka liƙa musu ya danne sunan yankan da liman ya raɗa musu. A gajeren labarinsa na Turanci, Bayan Layi, wanda ya kai zagayen ƙarshe na gasar Caine a 2013, Elnathan John ya ɗauko Ɗantala, almajirin da ya koma kwana a gindin kuka tare da mashaya wiwi 'yan bangar siyasa, ya bar shi ya ba da labarinsa da bakinsa, har mai karatu ya fahimci cewa tsoron Allah da yaron ya sha a makarantar allo bai mutu ba, ko da adda tana hannunsa. Malamai sun ce nadama ita ce rukunin farko na tuba, kuma ni ban yarda akwai saurayin da zuciyarsa ta ƙeƙashe har ta rasa ta ba. Iyaye da malaman unguwa, ranar da ɗan sara-suka ya rusuna a zaure, ku kira shi da sunansa na yanka.