Wa Ke da Mudun? Darasi Daga Masu Bai wa Giya Maki

A garuruwa irin su Portland ta Amurka da Manchester ta Ingila akwai wani nau'in mashaya da ke dafa giyarta da kanta a bayan kanta, har mai shiga yana hango manyan tukwanen ƙarfe ta cikin gilashi. Baƙo ba ya yawan farawa da cikakken kofi. Ana kawo masa ɗan katako ɗauke da ƙananan kofuna huɗu ko biyar a jere, kowanne da nau'insa, daga mai launin ruwan zuma zuwa mai duhun gahawa. Sai ya sansana, ya kurɓa, ya ɗauko waya, ya buɗe wata manhaja mai suna Untappd, ya ba kowane kofi taurari daga cikin biyar. Kafin ya tashi daga kujera, hukuncinsa ya shiga rumbun da miliyoyin mutane ke dubawa.

Mai karatu na iya tambayar me ya haɗa mu da wannan. Giya haramun ce a wurin mafi yawanmu, ni ma ban taɓa kai ta baki ba, kuma babu abin da zan faɗa a nan da ke tallata ta. Abin da ya ja hankalina shi ne wannan sana'a ta riga mafi yawan sana'o'in abinci da abin sha faɗawa hannun masu ba da maki a intanet, tun wajen shekarar 2000. Saboda haka a cikinta ake iya hango ƙarshen wani labari da mu yanzu muke farkonsa. Ra'ayina shi ne makin jama'a ya taimaki ƙananan masu sana'a suka tsira daga manyan kamfanoni, daga baya kuma ya juya yana faɗa musu abin da za su dafa. Wanda ya riƙe ma'aunin kuwa ya fi mai kayan ƙarfi a kasuwa.

Yadda ƙananan tukwane suka dawo

Zuwa farkon shekarun 1970, kamfanoni shida ne suka mamaye kasuwar giya a Birtaniya, kuma su ne suka mallaki dubban mashayu, inda ba a sayar da komai sai nasu. A 1971 wasu matasa huɗu suka kafa ƙungiyar CAMRA don kare giyar gargajiya ta ganga, wadda manyan kamfanonin ke maye gurbinta da wadda ta fi sauƙin adanawa da jigila. Ɗaya daga cikin manyan makamansu shi ne littafin jagora da suke fitarwa duk shekara, mai jera mashayun da 'yan ƙungiyar suka ziyarta suka yarda da kayansu. A 1989 gwamnati ta kafa dokokin da suka tilasta wa manyan kamfanonin sakin wani kaso na mashayunsu, suka kuma ba masu hayar mashaya damar sayar da giyar wani kamfani daban.

A Amurka lamarin ya fi tsanani. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanonin giya a faɗin ƙasar ba su kai ɗari ba. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum dafa giya a gida don amfanin kansa, kuma daga cikin masu gwaji a kicin da gareji ne aka samu waɗanda suka buɗe ƙananan kamfanoni da mashayu masu tukwanensu. Bayan shekara arba'in da 'yan kai, adadin ya haura 9,000.

Ƙaramin mai dafawa ba shi da kuɗin talla a talabijin. Abin da yake da shi kawai bakin mutane. Shafukan ba da maki, irin su RateBeer da aka buɗe a 2000 da Untappd da ta zo a 2010, sun ɗauki wannan baki suka sa masa lasifika. Mai tukunya ɗaya a ƙauye yana iya wayar gari sunansa na saman na kamfanin da ke da rassa a nahiyoyi biyar. Duk mai sukar wannan tsari dole ya fara amincewa da wannan alheri nasa.

Kurɓa ɗaya ba ta isa shaida ba

Matsalar tana cikin ɗan kofin nan na gwaji. Wanda ya jera nau'i biyar a gabansa yana kurɓa ɗaya bayan ɗaya, abin da zai tsaya masa a rai shi ne wanda ya fi girgiza harshe: mafi ɗaci, mafi zaƙi, mafi ƙarfin barasa. Abu mai sanyin ɗanɗano, wanda gwanintar mai yin sa ke cikin daidaita kayan haɗi har babu wanda ya danne wani, yana ɓacewa a tsakanin maƙwabtansa masu ihu.

Sakamakon a bayyane yake ga duk wanda ya duba saman jerin waɗannan shafuka. Waɗanda suka cika shi su ne baƙaƙen giya masu kauri da aka ajiye a gangunan katako, masu ƙarfin barasa da ke haura kashi 10 cikin ɗari, sai kuma waɗanda aka cika wa furen hop, wata shuka da ke ba giya ɗaci da ƙamshi. Ita kuwa giyar da Turawan Ingila ke kira mild, mai ƙarfin kashi 3 zuwa 4, wadda ma'aikatan masana'antu suka shafe shekaru suna sha bayan tashi daga aiki, ta ja baya har CAMRA ta ware mata watan Mayu don tunatar da mutane cewa tana nan. Ba shafukan ba da maki ne suka fara durƙusar da ita ba, domin ta daɗe tana raguwa kafin intanet, amma ma'aunin da ya zo ceton ƙananan sana'o'i bai ba ta wata daraja ba.

Mai mashaya kuwa yana karanta makin, masu sarin kayansa ma suna karantawa. Idan ya lura cewa abin da ya fi ƙwarewa a kansa yana samun taurari uku da rabi, wanda ya zuba wa koko da kwakwa da sukarin madara kuma yana samun huɗu da ɗoriya, ba ya bukatar malami ya gaya masa abin da zai ɗora a tukunya ta gaba. Ta haka motsin da ya taso don yaƙar ɗanɗano iri ɗaya na manyan kamfanoni ya soma haifar da nasa iri ɗayan.

Akwai wata hanyar auna ɗanɗano a cikin sana'ar, kuma kwatanta su biyun na da amfani. Tun 1985 ake da wani shiri a Amurka mai suna BJCP da ke horar da alkalan gasa, har da jarrabawa. Alkali ba ya sanin sunan mai kayan. Ana gaya masa nau'in da aka ce abin yake, shi kuma ya auna shi da siffofin wannan nau'i a kan maki 50: 12 na ƙamshi, 3 na kamanni, 20 na ɗanɗano, 5 na yadda yake a baki, 10 na hukuncin gaba ɗaya. Dole kuma ya rubuta dalilinsa. Tambayar da alkali ke amsawa ita ce ko mai kayan ya cimma abin da ya nufa. Mai waya kuwa yana faɗin ko abin ya burge shi a wannan daren. Amsoshin biyu duka gaskiya ne, amma na biyun ne ake tarawa a raba, a fitar da lamba guda, a liƙa ta kamar hukuncin kotu.

'Yan zuhudun da yabo ya dama

A ƙasar Beljiyam, a ƙauyen Westvleteren, akwai gidan 'yan zuhudu na ɗarikar Katolika da ke dafa giya tun ƙarni na 19 don ɗaukar nauyin gidan. A 2005 RateBeer ta bayyana ɗaya daga cikin nau'o'insu a matsayin mafi kyau a duniya. Motoci suka yi dogon layi a hanyar ƙauyen, 'yan kasuwa suka riƙa saye suna sayarwa a ninkin farashi. Mutanen gidan ba su mayar da wurin masana'anta ba. Sun ƙayyade yawan da mutum ɗaya zai iya saya, suka sa sai an yi rajista kafin a zo, suka kuma nemi mai saye ya yi alkawarin ba zai sayar ba. Hujjarsu ita ce suna dafawa ne don su samu abin riƙe rayuwarsu ta ibada, kuma abin da suke samu ya ishe su.

Sun iya tsayawa a kan haka saboda suna da wata manufa da ba ta dogara da kasuwa ba. Mai mashayar da bashin banki da kuɗin haya ke jira ba shi da wannan gata.

Ranar da aka sayi ma'aunin

A 2017 aka gano cewa wani reshen AB InBev, kamfanin giya mafi girma a duniya, ya sayi hannun jari a RateBeer tun a shekarar da ta gabata, ba tare da an sanar da masu amfani da shafin ba. Wasu ƙananan kamfanoni, ciki har da Dogfish Head na Amurka, suka nemi a cire kayansu daga shafin. A 2019 kamfanin ya mallake shafin gaba ɗaya. Ba sai an taɓa maki ko ɗaya ba kafin wannan ya zama abin damuwa. Wanda ya mallaki shafin yana ganin abin da masu sha ke so, a wane gari, a wane wata, kafin abokan hamayyarsa su gani. Kuma kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwa ya san wannan magana tun kafin a ƙirƙiri manhaja. Rigimar mai saye da mai sayarwa ba ta tsayawa a kan farashin mudu, tana kaiwa ga wane mudu ne, na wa ne, an bubbuge gindinsa ko ba a bubbuge ba.

Za a iya cewa babu wanda aka tilasta wa duba taurari, kuma idan jama'a sun fi son abu mai ƙarfi, ai zaɓinsu ne. Da gaskiya a ciki. Sai dai masu ba da maki ba su ne jama'a ba. Su ne masu neman sabon abu, waɗanda ke ɗanɗana nau'i ɗari a shekara, ba sa maimaita ɗaya. Dattijon da ya shekara ashirin yana zuwa mashaya ɗaya yana sayen abu ɗaya, wanda kuɗinsa ne ke biyan albashin ma'aikata, bai taɓa danna tauraro ba.

Abin da ya shafe mu

Wannan ma'auni ya iso ƙofarmu. Gidajen abinci a Kano da Kaduna da Abuja suna da taurari a taswirar Google, masu bitar abinci a TikTok da Instagram kuma suna iya cika rumfar mai tsire da baƙi cikin mako guda, ko su kwashe masa su. Ina murna da mai masa ko mai fura da aka sani ta wannan hanya ba tare da ta biya kuɗin talla ba. Amma ina tsoron ranar da mai kilishi zai fahimci cewa yaji mai sa hawaye a gaban kyamara ya fi jawo masu kallo a kan nama mai kyau da aka yanka siriri aka shanya yadda ya kamata, ya kuma sauya hannu.

Abubuwa uku nake ganin ya kamata mu nema daga duk mai yanke wa abincin wani hukunci a bainar jama'a. Ya faɗa mana ko an biya shi, ko an ciyar da shi kyauta. Ya auna abu da irinsa, kada ya rage wa miyar kuka maki don ba ta yi armashin farfesu ba. Ya kuma ci cikakken kwano, ya sake komawa wata rana, kafin ya buɗe baki. Su ma masu sana'ar, mahauta da masu tuwo da masu nono, suna da shugabanni da ƙungiyoyi da suka san bambancin aiki mai kyau da na ha'inci. Gara su rubuta nasu ma'aunin tun yanzu, su kuma horar da waɗanda za su riƙe shi, kamar yadda masu dafa giya na Amurka suka yi a 1985, kafin wani kamfanin da bai taɓa hura wuta a murhu ba ya rubuta musu.