Iskar dariya da ƙafafun matasa

Iskar dariya, wadda likitoci ke kira naitiros oksayid, iska ce marar launi mai ɗan ƙamshi kaɗan. A asibiti ana shaƙa wa majiyyaci ita domin rage zafin cire haƙori, ko naƙuda, ko ɗinkin rauni. Masu yin kek kuma da ita suke hura kirim ya tashi ya yi kumfa. A 'yan shekarun nan ta sami kasuwa ta uku, inda matasa ke ɗura ta a balan-balan suna zuƙa don su bugu. A Nijeriya abin ya fara fitowa fili ne a gidajen rawa da wuraren fati na Legas da Abuja, har ya kai in an ce "balan-balan" a irin waɗannan wurare, kowa ya san ba na yara ake nufi ba.

Iskar ba sabuwa ba ce. Wani masani ɗan Ingila, Joseph Priestley, shi ya fara haɗa ta a 1772. A 1799 Humphry Davy ya gwada ta a kansa a garin Biristol, ya ga tana sa mutum ƙyalƙyala dariya ba dalili, daga nan sunan ya samo asali. Sai da aka shafe shekara arba'in da 'yan kai tana abin wasa a dandali kafin ta shiga asibiti. A watan Disamba na 1844 wani likitan haƙori a Amurka, Horace Wells, ya je kallon irin wannan wasa, ya ga wani da ya shaƙe ta ya buge ƙafarsa har ya ji rauni, amma bai san ya ji ba. Washegari Wells ya sa aka shaƙa masa iskar aka cire masa haƙori. Tun ranar da ta fara shiga asibiti, ke nan, an san cewa aikinta shi ne raba mutum da jin jikinsa.

Bambancin asibiti da balan-balan babba ne. Likita ba ya ba da ita zalla. Gauraya ta ake yi da iskar oksijin, sau da yawa rabi da rabi, ana kallon numfashin majiyyaci, kuma na ɗan lokaci ne. Abin da ke cikin balan-balan kuwa zallarta ce, babu ko ɗigon oksijin. Cikin daƙiƙoƙi mai zuƙa zai ji kansa ya yi sakayau, kunnuwansa na amsa kuwwa, jiki ya saki, dariya ta zo. Kafin minti biyu komai ya wuce. Wannan gajartar ita ke yaudarar mutane, domin wanda ya ga ya dawo hayyacinsa nan take sai ya ɗauka babu abin da ya same shi, ya miƙa hannu ya karɓi wani balan-balan ɗin. A da ana sayar da ita a 'yan ƙananan kwalaben ƙarfe masu giram 8, kowace ɗaya balan-balan guda. Yanzu akwai tukwane masu fiye da rabin kilo, har da masu kilo 2, waɗanda mutum ɗaya zai zauna da su tun magariba har asuba ba tare da ya san adadin abin da ya zuƙa ba.

Haɗarin da ke zuwa nan take a bayyane yake. Huhun da aka cika da wannan iska ba ya samun oksijin, don haka mutum na iya sumewa ya faɗi ya fasa kai. Wanda ya zuƙa a cikin mota gilashi a rufe, ko ya rufe fuskarsa da leda don kada iskar ta tsere, yana iya tafiya ke nan. Hukumar ƙididdiga ta Birtaniya ta lissafa mutuwar mutum 56 mai alaƙa da iskar a Ingila da Wels tsakanin 2001 da 2020. Iskar kuma tana fitowa daga tukunya da tsananin sanyi, kusan maki 40 ƙasa da sifili, ta yadda takan ƙone leɓe da maƙogwaro ga wanda ya kafa baki kai tsaye, ko cinyar wanda ya matse tukunyar tsakanin ƙafafunsa yana ɗurawa. Ga mai sikila lamarin ya fi muni, tunda ƙarancin oksijin na daga cikin abubuwan da ke tayar da ciwon, kuma a Kano da wuya a sami dangin da ba su san sikila ba. Mai tuƙi kuwa, ko mota ce ko Adaidaita Sahu, daƙiƙa goma na ɗaukewar hankali a mahaɗar Mandawari da yamma ta isa ta jawo asarar rai.

Ɓarnar da ta fi yawa, wadda kuma aka fi jahilta, a hankali take zuwa, kuma ta ƙafa take farawa. Jikin ɗan Adam yana buƙatar bitamin B12 domin gina wata riga mai maiƙo da ke lulluɓe da jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki. A tsakiyar wannan bitamin akwai ƙwayar sinadarin kobalt. Iskar dariya tana taɓa kobalt ɗin ta kashe shi, bitamin ya zama yana nan a jini amma ba ya aiki. In aka ci gaba da zuƙa, rigar jijiyar sai ta fara zagwanyewa, musamman a bayan laka, inda saƙon da ke gaya wa mutum wurin da ƙafarsa take yake bi. Jiki ba ya ƙera B12 da kansa. Daga nama, da hanta, da kifi, da ƙwai, da nono ake samunsa. Saurayin da ya taso a gidan da nama ya zama sai an yi sa'a, ajiyarsa ta bitamin ɗin ba ta da yawa tun farko, saboda haka ɗan abin da wani zai zuƙa ya tsira, shi yana iya kwantar da shi.

A ɗauki misalin saurayi ɗan shekara ashirin a wani lungu na Mandawari ko Galadanci. Abin da zai fara ji shi ne tafin ƙafarsa ya sage, kamar wanda ya daɗe zaune a kanta, ko kamar kiyashi na yawo a yatsunsa. Zai ce gajiya ce. Bayan mako biyu ko uku, yana tafiya silifas zai suɓuce daga ƙafarsa ya wuce ya bar shi, sai wani ya kira shi ya nuna masa. Maɓallin riga ya fara gagararsa, waya tana faɗuwa daga hannunsa. Da rana yana iya daurewa, domin idanunsa na kallon ƙasa suna yi wa ƙafar jagora. In aka ɗauke wuta lungu ya yi duhu, sai ya riƙa dafa bango. In ya rufe ido yana wanke fuska sai ya yi tangaɗi, tsayuwa a sahu ma ta zama aiki. Likitocin jijiya sun san wannan alama sarai, har sukan sa majiyyaci ya haɗe ƙafafunsa ya rufe ido su ga ko zai faɗi. Idan abin ya yi nisa, fitsari da bayan gida sukan ƙwace, ƙarfin mazakuta ya tafi, mutum ya koma keken guragu. Wasu kuma jini ne ke daskarewa a jijiyar ƙafa ko huhu ko ƙwaƙwalwa, wasu mantuwa da ruɗewa da gane-gane. A 2023 likitocin jijiya na gabashin Landan sun bayyana cewa kusan kowane mako sai an kawo musu sabon matashi da irin wannan lalura.

A nan ne matsalar ta ƙasar Hausa take da nata salo. Idan saurayi lafiyayye ya wayi gari ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, babu zazzaɓi babu rauni, abin da zai fara zuwa bakin mutanen gida shi ne bugun iska, ko sammu, ko an tsallaka wani abu. Wasu za su ce sanyi ne, wasu su ce taifot, a je kemis a ɗaura ruwa. Kano ta daɗe da sanin shan inna, ta kuma ga yadda fassara ciwo da abin da ba shi ba ya gurgunta yara masu yawa kafin a shawo kansa. Addu'a da ruƙiyya suna da matsayinsu a wurin Musulmi, kuma babu inda suka hana zuwa asibiti. Abin tsoro shi ne makonnin da ake ɓatawa, domin jijiyar laka ba ta jira. Shi kuwa yaron, wanda shi kaɗai ya san abin da ya zuƙa, kunya da tsoron mahaifi sukan sa ya yi gum, ƙila ma bai taɓa kawo wa ransa cewa balan-balan ɗin daren fati yana da alaƙa da ƙafarsa ba.

Ciwon yana da magani in an zo da wuri. Sharaɗi na farko shi ne a daina zuƙar gaba ɗaya. Sannan a yi allurar B12 a jere kamar yadda likita ya tsara, a haɗa da gashi da motsa gaɓoɓi. Da yawa suna samun sauƙi cikin makonni ko watanni, amma wanda ya makara yakan rage da saura har ƙarshen rayuwarsa. Akwai wata gurguwar dabara da ke yawo a tsakanin masu zuƙa, wai a riƙa shan ƙwayar bitamin ana ci gaba da harka. Wannan ba ya kare kowa, domin iskar za ta kashe sabon bitamin ɗin kamar yadda ta kashe na baya. Ma'aikatan lafiya su ma akwai abin lura a gare su: gwajin jini na iya nuna B12 daidai alhali ba ya aiki, kuma gwajin fitsarin da aka saba yi wa masu shaye-shaye ba ya kama wannan iska. Tambaya ce ke tono ta. Matashin da ya zo Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da sagewar ƙafa, ya kamata a keɓe shi daga iyayensa a tambaye shi cikin mutunci ko ya taɓa zuƙar balan-balan.

Ƙasashen da abin ya fara addaba sun ɗauki mataki. Holan ta haramta mallakarta don nishaɗi daga 1 ga Janairun 2023. Birtaniya ta bi sahu ranar 8 ga Nuwamban shekarar, da hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara 2 ga mai zuƙa, 14 ga mai sayarwa. A Nijeriya, a watan Yulin 2023, shugaban hukumar NDLEA, Janar Buba Marwa mai ritaya, ya ba da umarnin a dirar wa masu sayar da ita da masu zuƙarta a duk faɗin ƙasa, kuma a cikin watan hukumar ta sanar da kama sama da tan 60, mafi yawa a tashar jiragen ruwa ta Apapa. Kayan da ake shigowa da su kwantena-kwantena ba na gidajen rawar Legas kaɗai ba ne, kuma Kano ita ce babbar kasuwar Arewa.

Wannan birni ya ga yadda irin wannan abu yake farawa. A da kodin maganin tari ne na halal a kan kantar kemis, har ya zama abin da ake zubawa a kwalbar lemo a ɗakunan matan aure da ɗakunan kwanan ɗalibai. Sai da binciken BBC ya fito a 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan ɓarnar ta riga ta shiga gidaje. Binciken ƙasa da Hukumar Ƙididdiga ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi a shekarar ya ƙiyasta masu shaye-shaye miliyan 14.3 a Nijeriya, sama da miliyan ɗaya daga cikinsu a Jihar Kano. Sholisho ma kayan aikin mai faci ne da mai gyaran takalmi. Amma sholisho yana da wari, yana da tsumma, kuma ana yi masa kallon abin 'yan tasha. Iskar dariya ba ta barin wari a baki, ba ta sa ido ya yi ja, kuma ta shigo da rigar 'ya'yan masu hali, ana ɗaukar bidiyonta ana sawa a TikTok da Instagram. Uwar da za ta tayar da hankali in ta ga kwalbar kodin a ƙarƙashin katifar ɗanta, ba za ta ce komai ba in ta ga ledar balan-balan, abin da take saya wa ƙannensa ranar hawan Sallah.

Hana iskar kwata-kwata ba zai yiwu ba, tunda asibitoci na buƙatarta. Abin da zai yiwu shi ne a san wanda ya shigo da ita da wanda ya sayar wa. Wannan aikin NAFDAC ne da Kwastam da NDLEA, kuma ya kamata ya kai ga shagunan kayan kek da masu tallar kaya a intanet, domin mai yin kek ba ya buƙatar a haɗa masa da balan-balan. Masu ɗakunan taro da otal-otal da ake kama wa fati su ma suna da alhakin abin da ake shiga da shi harabarsu. A cikin unguwa kuwa, masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin matasa na Mandawari, Diso, Dandago da Gyaranya sun fi kowa sanin yaransu, kuma bayani ɗaya bayan sallar Juma'a a kan abin da ke faruwa da laka zai fi kame tasiri, domin saurayin da bai ji tsoron ɗan sanda ba yana tsoron keken guragu.

Iyaye su lura da ƙananan kwalaben ƙarfe masu kama da harsashi, da dogayen tukwane masu launi da ba na girki ba, da tarin balan-balan a ɗakin saurayi ko cikin mota, da ƙuna a leɓe ko cinya wadda ba a san asalinta ba. Duk gidan da matashi, namiji ko mace, ya fara kukan sagewar ƙafa ko tafiyarsa ta sauya, a kai shi asibiti a cikin makon, a bar shi ya gaya wa likita gaskiya, faɗa ya biyo baya in ya miƙe.